Fallen Ƙarfe Mai Zare Na Jikin Jirgin Sama: Wanne Za A Saya?

Injiniyan da ke gyaran jirage a filin jirgin saman Malam Aminu Kano, ko malamin da ke shirin ɗakin gwaji a Jami'ar Bayero, zai ci karo da fallen da ake haɗawa ta hanyar jera siraran fallayen alminiyam, kowanne bai wuce rabin milimita ba, a shimfiɗa zare mai ƙarfi da gam a tsakaninsu. Fa'idarsa ita ce idan tsaga ta ɓulla a ƙarfen, zaren yakan riƙe gefunanta biyu, sai ta riƙa ci gaba a hankali maimakon ta zarce.

Na farkon da aka yi shi ne ARALL, mai zaren aramid (wani zaren roba mai ƙarfin gaske), wanda ya fito daga Jami'ar Fasaha ta Delft a ƙasar Holan. Ba shi da nauyi, sai dai zarensa yana shan danshi, kuma ba ya jure dannewa sosai. Mai zaren kabon ya fi tauri, amma haɗuwar kabon da alminiyam tana jawo zaizayar ƙarfen da zarar ruwa ya shiga tsakani, shi ya sa ake haɗa kabon da ƙarfen titaniyam a maimakon alminiyam, wanda tsadarsa sai mai babban aljihu.

A ganina GLARE, mai zaren gilashi, shi ne abin dubawa. Da shi aka lulluɓe wani babban ɓangare na saman gangar jirgin Airbus A380, yana jure bugu da wuta fiye da alminiyam zalla, kuma ya fi shi sauƙin nauyi. Amma lambarsa tana da muhimmanci: GLARE 2 zarensa ya miƙe ta fuska ɗaya, GLARE 3 an giciye shi domin gangar jirgi, GLARE 5 kuwa an yi shi ne don wuraren da ke shan bugu kamar daɓen ɗakin kaya.

Mai saye a Kano ya nemi fallen da aka riga aka gasa, wato aka ɗumama shi a masana'anta har gam ɗin ya ƙame. Ɗanyen zaren da aka jiƙa da gam sai a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili, kuma wanda ya san zafin watan Afrilu da yadda wuta ke ɗaukewa a garin nan ya san kwanaki kaɗan sun isa su lalata kaya na miliyoyi. Kada a biya kuɗi sai an ga takardar shaidar masana'anta mai lambar rukunin, an kuma duba gefen fallen da haske ko akwai inda ya fara ɓarewa.