ACP na AutoCAD ko CSWP na SolidWorks: amsa ga Malam mai tambaya daga Marwa

Malam, ka ce ka gama karatu a Polytechnique ta Marwa a Kamaru, kana taɓa manhajojin zane biyu, AutoCAD da SolidWorks, kuɗinka kuma na jarrabawa ɗaya ne, wacce za ka fara: ACP, jarrabawar shaidar ƙwarewa a AutoCAD, ko CSWP, ta SolidWorks? Dubi aikin da ke kawo maka abinci. In zanen gidaje da shaguna kake yi wa 'yan kwangila, ACP ce taka. In kuwa hankalinka na kan sassan injuna, irin na masana'antun gurzar auduga na Sodecoton ko na siminti a Figuil, to CSWP.

Shirinsu ma ba ɗaya ba ne. ACP ta kamfanin Autodesk ce, ana zana ta ta hannun kamfanin gudanar da jarrabawa na Pearson VUE, minti 120, kuma takardarta shekara 3 take yi a sake sabunta ta. Tambayoyinta na tono wuraren da mu masu zanen yau da gobe muke tsallakewa: xref (haɗo wani fayil ɗin zane cikin naka), dynamic block (guntun zane mai sauya siffa), sheet set (tsara takardun zane wuri guda), ma'aunin rubutu a kan layout (shafin bugawa). Sai mutum ya shekara biyar yana zana gidaje bai taɓa buɗe sheet set ba, saboda mai gida fulan guda yake so a buga masa. Ga kuma matsalar harshe. Yawancinmu da AutoCAD na Faransanci muka koya, hannunmu ya saba da DECALER da AJUSTER, alhali a Turanci OFFSET da TRIM ne. Tun yanzu ka riƙa rubuta umarnin Turanci da ɗan layin ƙasa a gabansa, kamar _OFFSET, zai yi aiki ko a na Faransanci, sunayen su zauna maka a kai.

CSWP kuwa, ta Dassault Systèmes na Faransa, aikin hannu ce zalla. Kashi uku ce, kana iya zana kowane kashi a rana daban, a kwamfutarka, kuma maki 75 cikin 100 ake nema. Za a ba ka zane ka gina, a tambaye ka nauyinsa, sannan a canja ma'auni biyu a sake tambaya. Wanda ya gina da equation, wato ya ɗaure ma'aunai da juna ta lissafi, sai ya canja lamba kawai. Wanda ya yi ginin gaggawa sai abin ya ruguje masa, agogo na tafiya. Ni a gwajina na farko a nan Garwa na manta ban sauya ƙarfe zuwa alminiyum ba, nauyin duka ya fita daban.

Ni dai na fi ganin girman CSWP, domin ba a cin ta da hadda, kuma ita ce ƙofar CSWE, matakin da ke samanta a SolidWorks. Amma in gini ne sana'arka, kada burgewa ta ja ka.

Kowacce ka zaɓa, a gida intanet da wuta za su yanke maka hukunci. Kada ka sa rana a Maris ko Afrilu, lokacin da zafi ke dafa laftof. Ka cika batir, ka ajiye layin waya na biyu a kusa.