Sharhi: hoton sikan na babbar jijiyar ciki a wani ɗakin gwaji a Kumasi

Wurin ba shi da nisa da Aboabo, kuma aikin da aka je yi shi ne auna faɗin awota, babbar jijiyar da take fitowa daga zuciya, ta gangaro ta gaban ƙashin baya, ta rabu biyu daidai cibiya. A cikin ciki faɗinta kusan santimita 2 ne. In ya kai 3, ta kumbura ke nan. Maza da suka kai shekara 65, musamman masu shan sigari, da wanda aka taɓa samun ciwon a danginsa, su aka fi so a duba, domin galibi kumburin ba ya nuna alama sai ya fashe.

Gwajin kansa ba laifi. Minti 15, babu allura. Ka kwanta rigingine, a shafa maka mai mai sanyi a ciki, a bi da kan na'urar tun daga ƙarshen ƙashin ƙirji har cibiya. Mai aikin tana da hannu, ta danna sosai ba tare da ta ji wa mutum ciwo ba.

Sai dai wajen karɓar kuɗi ba wanda ya ce a zo da yunwa. Iskar hanji tana tare hoton, don haka wanda ya karya da waakye ko koko da ƙosai, duhu kawai za a gani a allon. A bar abinci awa 6 zuwa 8 kafin a je.

Babban aibin yana cikin takardar sakamako. "Ɗan kumburi" aka rubuta, babu lamba. Wannan ba ya amfanin likita da komai. A nemi a rubuta faɗin da santimita, a kuma faɗi yadda aka auna: daga bayan bango zuwa bayan bango, ko daga ciki zuwa ciki, don tsakaninsu akwai milimita da dama. Haka kuma jijiyar tsoho takan lanƙwashe, in aka auna ta a karkace sai ta fito fiye da girmanta. 'Yan milimitan nan da ake rainawa su ke raba mai jira da mai shiga tiyata. A Ingila, daga santimita 3 zuwa 4.4 ana sake hoto duk shekara, daga 4.5 zuwa 5.4 duk wata uku, a 5.5 kuma a fara maganar aiki. Da aka yi magana ma'aikatan ɗakin gwajin sun gyara takardar, ba gardama.

Sikan ɗin ba ya ganin sashen jijiyar da ke ƙirji da kyau, haƙarƙari da huhu suna karewa. Wannan aikin hoton siti (CT) ne, wanda ake zuba ruwan rini a jijiya, kuma sai an gwada ƙoda tukuna. A ɗakin gwajin kuma ba a yin tiyata, sai dai ka kai takardarka asibitin koyarwa na Komfo Anokye, ko cibiyar zuciya ta Korle Bu a Accra.

Wanda ya ji ciwo kwatsam kamar ana tsaga masa ƙirji, baya ko ciki, ga jiri ga zufa, kada ya biya ta ɗakin gwaji. A wuce da shi sashen gaggawa kai tsaye.