Sharhi kan karatun tarihin Sarki Firedarik na Biyu da ake sayarwa a katin waya

A wani shagon tura karatu da wa'azi da ke Aboabo, nan Kumasi, ana sayar da katin waya mai ɗauke da darussan tarihin Turai da Hausa, waɗanda wani malamin makaranta ya naɗa da muryarsa. Na saurari kashin da ya shafi Firedarik na Biyu, sarkin daular Rum ta Jamusawa, wanda aka haifa a 1194, Fafaroma ya naɗa shi a 1220, ya kuma mutu a 1250, kuma a ganina wannan kashi kaɗai ya isa dalilin sayen katin.

Inda malamin ya fi nuna gwaninta shi ne batun Ƙudus. Ya bayyana dalla-dalla yadda Firedarik, wanda ya tashi a Palermo ta tsibirin Sisili inda Larabci ke da gindin zama a wancan lokacin, ya karɓi birnin a 1229 ta hanyar sulhu na shekara 10 da Sarkin Masar Al-Kamil, ɗan ƙanen Salahuddini, bisa sharaɗin Masallacin Al-Aƙsa ya ci gaba da zama a hannun Musulmi, alhali kuwa Fafaroma ya riga ya kore shi daga coci tun 1227. Abin da ya ƙara mini ganin girman malamin shi ne bai yarda ya mayar da sarkin masoyin Musulunci don ya faranta wa masu sauraro rai ba. A daidai wurin ya sassauta murya, ya ce mutumin nan da ya yi sulhu da Al-Kamil shi ne ya murƙushe Musulmin Sisili, ya kwashe su daga gidajensu zuwa garin Lucera da ke kudancin Italiya, inda ya bar musu addininsu amma ya riƙa ɗibar maharba daga cikinsu. Wannan gaskiya tana da ɗaci, kuma ya kamata 'ya'yanmu na Zango su ji ta yadda take.

Jami'ar Napoli da ya kafa a 1224 da kundin dokokinsa na 1231 sun sami bayani gwargwado.

Ƙorafina yana kan Jamus kanta, domin an bi ta kanta a gurguje. Sarkin ya sakar wa hakiman ƙasar ikon shari'a da na buga kuɗi saboda hankalinsa na kan Italiya, kuma bayan gidansa ya faɗi, sarautar ta yi ta tangal-tangal har aka zaɓi Rudolf na Habsburg a 1273. Wannan babban gado ne da bai kamata a gama shi cikin 'yan mintuna ba. Sautin ma yana da rauni, don ana jin ƙarar babura a bayan muryar, sai an sa abin kunne ake kama sunayen garuruwa. Mai shagon yana kunna wa mutum kaɗan kafin ya biya, saboda haka ina ba da shawara a nemi jin kashin Lucera tukuna.