Jeonju ko Busan: ina baƙo zai fi more abinci a Koriya ta Kudu?

Jeonju gari ne na shinkafa da ganye. Abincin da ya yi fice da shi shi ne bibimbap: shinkafar da aka dafa da romon naman sa, a jera mata tsiron wake, ganyaye, gwaiduwar ƙwai da jan yajin gochujang a kwanon tagulla, kai kuma ka cakuɗa da cokali. Wani lokaci har ɗanyen nama suke ɗorawa, sai ka ce a soya maka idan ba ka saba ba. Tun 2012 UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya garin cikin biranen da suka shahara da girki, kuma teburin ya kan cika da ƙananan kwanonin mahaɗi, kyauta.

Busan kuwa bakin teku ce. A kasuwar Jagalchi za ka zaɓi kifinka da ransa a ƙasa, a gyara maka shi a bene. Amma a kula: fitacciyar miyar garin, dwaeji gukbap, ta alade ce zalla.

Ni dai ga Musulmi na fi ba da shawarar Busan, domin gasasshen kifi ba ya buƙatar tambayar wanda ya yanka, saɓanin romon Jeonju.