Minhar Jami'ar Musulunci ta Madina a idon wanda ya riƙi maraya

Na shekara da yawa ina zaune a Madina, amma ban san amfanin tallafin karatun da ɗalibai suke kira minha ba sai da ɗan marigayi yayana ya samu gurbi a Jami'ar Musulunci, wadda aka kafa a 1961 domin koyar da 'ya'yan musulmi daga ko'ina a duniya. Yaron ya tashi a riƙo a Sakkwato, daga hannun wannan gwaggo zuwa na wancan kawu, kuma da ya gama sakandare kowa ya ɗauka an sauke nauyi, alhali a lokacin ne buƙatarsa ta fi girma.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne cewa minhar ba ta tsaya ga ɗauke kuɗin makaranta ba. Ana bai wa ɗalibi masauki a cikin jami'a, da abinci a farashi mai rahusa, da kula da lafiya, da tikitin jirgi na zuwa gida a hutun ƙarshen shekara, sannan ga mukafa'a, wato ɗan kuɗin da ake biya kowane wata. Wanda iyayensa suke raye zai ga waɗannan a matsayin sauƙi kawai, amma ga yaron da bai taɓa mallakar gadon kwanansa ba, su ne karatun kansa. Ranar da na raka shi ɗakinsa, ya daɗe yana jujjuya makullin a tafin hannunsa, sannan ya ce mini, "Baffa, ashe nan ba wanda zai ce in tashi an yi baƙo." Da yake Larabcinsa bai nuna ba, sai da ya fara da ma'ahadi, wato cibiyar koyar da harshen, kafin ya shiga kulliyar Shari'a.

Wahalar da muka sha tun daga gida ta taso. An rubuta shi a makaranta da sunan kawun da ya riƙe shi, fasfo kuma yana ɗauke da sunan mahaifinsa, sai da muka yi watanni ana rantsuwar kotu kafin takardun su daidaita. Wannan jinkiri yana da haɗari, domin ana karɓar masu neman digirin farko ne daga shekara 17 zuwa 25. Ina roƙon masu riƙo su kira yaro da sunan ubansa tun daga rajistar firamare, kamar yadda suratul Ahzabi ta umarta.

Mukafa'ar tana isar mai tattali, sai dai ba ta kai a riƙa aika wa ƙanne a gida ba, kuma maraya yakan ji wannan nauyi fiye da kowa. Na hana shi aikawa, na ɗauki wannan ɓangaren a kaina, shi kuma duk Juma'a bayan an sauko daga Masallacin Annabi yakan biyo gida mu ci tuwo tare.