Gidan fim ɗin Ertugrul na Istanbul ko na Turai, wanne ya cancanci kuɗɗinka?

Ƴan uwa masu zuwa Turkiyya sarin kaya daga nan Yamai suna yawan tambayata ko wurin da anka ɗauki fim ɗin Ertugrul ya cancanci mutum ya ba shi yini guda, matasa kuma sai su kawo maganar wuraren Turai da Amurka da sunka gani a TikTok. To bari in faɗi abin da na sani.

Waɗancan mu sallame su tun yanzu. Na Game of Thrones yana Banbridge a Irlanda ta Arewa, an buɗe shi a 2022, amma sai da bizar Ingila, kuma fim ne da ba ka iya kallo gaban surukinka balle ka ɗauki iyali ka kai su. Na Squid Game da anka buɗe a New York a 2024 wasanni ne cikin ɗaki, ba can anka ɗauki fim ɗin ba ma. Ait Ben Haddou na Maroko, tsohon garin da ake ɗaukar fina-finai, ginin ƙasa ne mai kyau, amma wanda ya taɓa shiga tsohon garin Agadez ba zai buɗe baki ba.

Ni nawa shi ne Bozdağ Film Platoları, yana Riva cikin yankin Beykoz, ɓangaren Asiya na Istanbul kusa da Baƙin Teku. Nan ne anka ɗauki Diriliş Ertuğrul wanda tashar TRT 1 ta nuna daga 2014 har 2019, da Kuruluş Osman da ya biyo baya a ATV tun ƙarshen 2019, duka aikin Mehmet Bozdağ. Abin da ya sa na fi son shi, ba kwaikwayon wurin fim ne anka gina ma baƙi ba, wurin ne da kanshi. Za ka shiga zangon ƙabilar Kayi ka ga tantunan nan da tutar da ka saba gani a tele, ka bi ta ƙofar ganuwa, ka ratsa kasuwa, kuma wallahi lokacin da na tsaya bakin babban tantin sai da jikina ya yi sanyi don na tuna daren da muke zama gida duka har tsohuwarmu ana jiran a ga yadda za ta ƙare tsakanin Ertugrul da mayaƙan Mongol. Akwai wasan dawaki da takubba, mu da munka tashi da hawan Salla mun san mahayi in mun gan shi, waɗannan sun iya. Ana ba da kayan mayaƙa a saka a ɗauki hoto, ga gidan abinci nan ciki, naman ƙasar kuma ba ka shakkar shi. Ga tahiya da sauƙi, Turkish Airlines na tashi daga filin jirgin Diori Hamani, in dama za ka Laleli, unguwar ƴan sari ta Istanbul, sayen kaya ranar guda kawai za ka ƙara. Sai dai wurin na da nisa daga tsakiyar gari kuma fili ne, in lokacin sanyi ne ka ɗauki riga mai kauri da takalmin da ba ya tsoron caɓi.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne. Ƴan kamasho sun yi yawa a harkar nan. Wani ya taɓa karɓar kuɗɗina bakin otel da sunan biyen shiga (wato tikiti) da mota da abinci da ganin ƴan wasa, ashe kuɗɗin mota kawai ya biya, da munka isa ƙofa sai da na sake sayen biye, salularshi kuma a kashe. Tun daga nan ma'aunina guda ne, wa ke riƙe da biyen? In ba a hannunka yake ba ko cikin salularka, ba ka sayi komai ba. Duk wanda ya ce zai haɗa ka da wanda ya fito a Ertugrul, Engin Altan Düzyatan, ƙarya yake, fim ɗin ya ƙare tun 2019 mutumin ba ya zaune cikin tanti yana jiran ka. Wasu kuma sai su ce za su kai ka kabarin Ertugrul a wurin, babu shi can. Kabarin gaskiya yana garin Söğüt a lardin Bilecik, tahiya ce dabam ta awoyi, kuma kowane watan Satumba ake bikin tunawa da shi. Akwai masu buɗe gurup a WhatsApp nan Yamai su ce a turo abans na sefa kafin a tashi, kada ka tura ma wanda ba ka san shagonshi ba. Taksi ma in ya ƙi kunna mita ka sauka, kuma ku yi maganar dawowa tun kafin ku tashi don samun mota a Riva da marece ba sauƙi. Zobba da hulunan Kayi da ake tallar su a titi ana cewa waɗanda ƴan wasa sunka saka ne, na kasuwa ne, in kana so ka saya amma da farashin na kasuwa.

Ka duba ranakun buɗewa da lokacin wasan dawaki a shafin wurin da kanka kafin ka bar otel, ka biya biye can ko bakin ƙofa, kuma ka tafi da sassafe ka dawo da wuri, don cinkoson gadar da ke haɗa ɓangaren Asiya da na Turai da marece yana iya cinye maka awa biyu.