Gargaɗi kan masu sayar da mizanin bolt da takardun shaida na jabu

Ina jan hankalin 'yan'uwa masu gyaran kayan lantarki da masu kula da ɗakunan gwaji game da wata damfara da ta yaɗu a kasuwannin intanet. Ta shafi na'urar nan da ke fitar da ƙarfin wuta tsayayye, yawanci bolt 10, wadda ake gwada mita da ita domin a san ko tana faɗin gaskiya, wato mizanin bolt. Munin abin shi ne, wanda ya sayi mizani galibi ba shi da wata na'ura da ta fi shi inganci da zai gwada shi da ita, don haka idan an sayar masa da ƙarya, da hannunsa zai juya mitarsa mai lafiya ta bi ƙaryar, kuma duk awon da ya yi daga ranar ya gurɓace ba tare da ya sani ba.

Mafi yawan waɗanda ake cuta, da ƙananan allunan nan masu ƙwayar lantarki (chip) da ake kira AD584 ake cutar su. Ƙwayar ta asali ba ta da laifi, tana bayar da bolt 2.5 da 5 da 7.5 da 10. Sai dai mai sayarwa yakan manna 'yar takarda mai lambobi rubutun hannu, ya ce an auna kowane allo shi kaɗai da babbar mita. Na taɓa jera hotunan da masu saye daban-daban suka saka na alluna daga hannun mutum ɗaya, sai na tarar lambobin iri ɗaya ne har ta ƙarshe, alhali ba yadda za a yi alluna da yawa su zo daidai haka. Wasu kuma kankare rubutun ƙwaya mai ƙaramin daraja suke yi, su buga mata harafin da ke nuna ƙwaya mai babban daraja.

Asarar da ta fi ciwo tana wajen manyan na'urori na hannu, wato waɗanda aka taɓa amfani da su, irin mizanin Fluke 732B. Darajar wannan na'ura ita ce ba ta gocewa fiye da kashi 2 cikin miliyan a shekara, wato maikrobolt 20 a kan bolt 10, amma da sharaɗin ɗan akwatin ɗumin da ke cikinta bai taɓa hucewa ba. Shi ya sa aka yi mata batir da zai riƙe ta sa'o'i 72 idan ba wuta, aka kuma sa mata fitilar da ke mutuwa da zarar wutar ta yanke gaba ɗaya, domin mai ita ya san tarihin awonta ya katse. 'Yan damfara sun san mutane wannan fitila suke dubawa, sai su ɗauki hotonta a kunne su ce na'urar tana nan kan awonta. Gaskiyar magana ita ce ana iya sake kunna fitilar da hannu, kuma batirin da ya yi shekaru a ɗakin ajiya ya daɗe da mutuwa. Na'urar da ta huce ba ta lalace ba, amma bayan an kunna ta takan ɗauki kwanaki ko makonni kafin ta natsu, kuma ba dole ba ne ta koma daidai inda take a da. Tsohuwar takardar shaidar awonta ba ta zama hujja kuma, sai an sake kai ta awo, wanda kuɗinsa yana wuyan mai saye.

Takardar ma kanta sai an tsaya an karanta. Kowa yana iya buga jimlar da ke cewa awon yana komawa ga NIST, hukumar awo ta Amurka. Silsilar gaskiya tana farawa ne daga mizanin Josephson, wato babban mizanin da ake gwada sauran mizanan bolt da shi, da ke hukumomi irin su NIST da PTB ta Jamus da NPL ta Ingila, ta sauko zuwa ɗakin gwajin da aka tantance bisa ƙa'idar ISO/IEC 17025. Takardar irin wannan ɗaki tana ɗauke da lambar na'urar, da ranar awo, da zafin ɗakin, wanda yawanci digiri 23 ne, da na'urorin da aka yi awon da su, da gwargwadon kuskuren da ke iya kasancewa a cikinsa. Takardar da ta rubuta 10.000000 cif ba tare da ambaton wannan kuskure ba, ni dai ban yarda da ita ba. A nemi adireshin ɗakin gwajin daga shafin hukumar da ta tantance shi, ba daga jikin takardar ba, a aika musu lambar takardar a tambaya ko su suka bayar da ita kuma ga wace na'ura.

Haka nan masu tallan ƙwayoyin LTZ1000 da LM399, waɗanda su ma ake haɗa mizani da su, da suke cewa sun shekara a kunne har sun natsu, magana ce da ba ta da shaida sai bakin mai ita, kuma saye a kanta cinikin biri a sama ne. Gara a saya sabuwa daga dillalin da Analog Devices, kamfanin da ke ƙera su, ya amince da shi, mutum ya kunna abarsa ya rubuta tarihinta da kansa.

Wanda zai sayi mizani na hannu ya nemi takardun awo na shekaru da dama a jere, ya duba ko lambar da ke jikinsu ita ce ke jikin na'urar, ya kuma tambayi ranar da aka canza batir da yadda za a aiko ta, a kunne ko a kashe. Idan mai sayarwa ya fara matsa lamba a biya ta wata hanya a wajen kasuwar, inda ba a iya dawo da kuɗi, a janye nan take. Idan kuwa kayan ya riga ya iso, a bar shi a kunne, a haɗa shi da wayoyin jan ƙarfe masu tsabta, kuma kada a taɓa saitin kowace mita a kansa har sai amintaccen ɗakin gwaji ya auna shi ya bayar da sabuwar takarda.